Awo da haihuwa da ciwon hanta a jiki: abin da na gani a asibitin unguwarmu

Tun da na haihu mata suke tare ni da tambaya ɗaya, a makarantar da nake koyarwa da kuma wajen biki: asibitin nan da kika yi awo, ya kai kuɗin da suke karɓa? Nakan ce eh, amma. To, ba a tsayawa a ji abin da ke bayan amman. Shi ya sa na zauna rubutawa yanzu da yaron ya shekara, takardar gwajinsa kuma tana hannuna.

Ba zan kama sunan wurin ba. Ƙaramin asibitin kuɗi ne na mata da haihuwa a nan Kano, irin gidan zaman da aka mayar asibiti: falo ya zama wurin jira, ɗakin baƙi ya zama ɗakin gwaji, garejin mota kuma nan ake sayar da magani. Gado 12 suke da shi. Babban likitan mata yana zuwa Litinin da Alhamis, sauran ranakun kuma ƙaramin likita ne da ungozomomi. Wurin tsaf yake, banɗaki da ruwa, janareta yana tashi da zarar an ɗauke wuta. Ba zan rubuta farashi ba, don kafin ki gama karantawa ma sun ƙara.

Haihuwata ta fari a gida na yi, a ɗakin Ummanmu. Awo sau 3 na je a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, aka auna hawan jini, aka gwada ƙanjamau, aka ba ni maganin ƙarin jini, shi ke nan. Wannan karon jini na gani cikin yana wata 4, maigidana ya ce mu je inda za a yi sikanin a ranar. Da haka muka faɗa wannan asibiti.

Abu na farko da zan yaba musu, kuma shi ya sa har gobe ba na iya zaginsu gaba ɗaya: duk macen da ta yanki katin awo sai an gwada ta ciwon hanta nau'in B. Ba zaɓi ba ne, yana cikin kuɗin katin, tare da rukunin jini da jinotayif da ƙanjamau da tunjere. Ɗigon jini ne a kan ɗan tsinke, kafin minti 20 ya fito. Shekarata 29 a duniya, ban taɓa jin wani ya ce in yi wannan gwajin ba.

Yadda aka faɗa mini sakamakon kuwa, Allah ya sawwaƙe. Yaron ɗakin gwajin ya leƙo ta taga, mata cike da benci, ya kira lambar katina ya ce, "Hajiya, naki fa ya nuna kina da hanta." Kina da hanta, kamar akwai mai rai da ba shi da ita. Matar da ke kusa da ni ta ɗan ja mayafinta ta matsa. Daga baya na ga an rubuta HBsAg, wato sunan alamar ciwon da gwajin ya gano a jinina, da jan biro a bangon katina, daga waje, aka zana masa da'ira, ta yadda duk wadda ta zauna gefena za ta gani. Wata 5 na yi ina kife katin a cinyata kamar mai ɓoye takardar bashi. Na yi musu magana sau biyu, aka ce don ma'aikata su riƙa gani da wuri ne. A cikin katin ma ai za su gani.

Ranar ban ci abincin dare ba. Abin da ya riƙa zo mini shi ne Kawu, ƙanin Ummanmu, wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, ya rasu bai kai 45 ba. Har yau a gidanmu wasu sammu suke cewa.

Ranar Alhamis na ga babban likitan, kuma in dai don shi ne, kuɗin katin ya halatta. Dattijo ne mai magana a hankali. Bai yi mini Turanci ba, bai kuma duba agogo ba. Ya fara da tambayata shekarar haihuwata. Da na faɗa, ya ce, "To Malama, ke kin riga allurar zuwa. Sai a 2004 aka sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran yara a Najeriya." Ya ce galibin masu ɗauke da shi a ƙasashenmu tun suna jarirai ko suna ƙanana suka samu, ko daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da ƙurajen wasan yara, don haka in cire wa raina zargin kowa, kada kuma in yarda wani ya zarge ni. Sai ya nuna ƙofa ya ce, "Mata nawa kika bari a benci?" Na ce za su kai 40. Ya ce binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, don haka in lissafa da kaina, tunda ni malama ce. Na lissafa. Wataƙila har da wadda ta ja mayafi.

Na tambaye shi abin da ya fi damuna: zan mutu in bar yara? Ya ce yawancin mata masu wannan ciwo suna rainon ciki su haihu lafiya, matuƙar hantar ba ta riga ta lalace ba, kuma za a duba tawa. Ya ce wanda ya fi shiga haɗari a ɗakin nan shi ne wanda ba ya magana, ya nuna cikina da biro. Babban mutum in ya kamu, jikinsa kan kore ƙwayar da kansa, waɗanda take zaunar wa ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa, in ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 takan zauna musu har tsawon rai. Kuma ba a ganin komai. Yaro zai tashi da ƙibarsa, ya yi makaranta, ya yi aure, sai ya kai shekarun da iyali suka dogara da shi hantar ta yi tabo ta taurare, ko ta zama daji. A nan na ba shi labarin Kawu. Bai ce komai ba, ya dai rubuta wani abu a fayil, sannan ya ce in kawo Umma da 'yan ɗakinmu a gwada su.

Ya rubuta mini gwaje-gwaje: na aikin hanta, na ƙoda, hoton hanta, wata alama ta biyu da ake rubutawa HBeAg, sai babban cikinsu, wanda ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini. Ya bayyana dalili. Mafi yawan jarirai lokacin fitowa suke ɗauka, sa'ad da suka cuɗanya da jinin uwa, kuma allurar da za a yi wa jariri da zarar ya faɗo takan tare wannan. Amma in ƙwayar ta yi yawa ƙwarai a jinin uwa, allurar kaɗai ba kullum take isa ba. Iyakar da aka sa ita ce 200,000. Wadda ta kai nan ko ta haura, sai ta sha magani tun tana da ciki don a karya yawan kafin ranar haihuwa.

A wannan babban gwaji ne asibitin ya fara ba ni haushi na gaske. Ba su da na'urar, wani wuri suke aika jinin, wannan ba laifi ba ne. Kuɗinsa ya sa sai da muka jira ƙarshen wata. Aka ɗebi jini, aka ce kwana 10. Kwana 10 ya zama sati 3, kullum in na tambaya a ce "ba a turo ba tukuna." Ƙarshe ƙaramin likita ne ya buga waya a gabana, ashe jinin ya lalace a hanya tun satin farko, an faɗa wa wani a asibitin, shi kuma ya manta. Aka sake ɗiba, ba su karɓi kuɗi ba, amma ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Sakamakon ya fito ina sati na 27: nawa ya haura miliyan, alamar ta biyu ma tana nan. Likita ya ce ba mu makara ba, don tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 sati na 28 ta ce a fara, sai dai sabuwar ta 2024 ta ba da damar farawa tun daga wata na 4, kuma da sakamakon ya zo kan lokaci da tuni na yi nisa.

Maganin sunansa tenofovir, ƙwaya ɗaya ta miligiram 300 kullum. Ban ji wata wahala da shi ba, in ban da tashin zuciya a satin farko, wanda ban sani ba ko na cikin ne. Wahalarsa a gida take. Yana cikin magungunan da ake ba masu ƙanjamau, shi ya sa ma dole a tabbatar mace ba ta da ƙanjamau kafin a ba ta shi shi kaɗai. Likita ya gargaɗe ni a kan wannan tun kafin in fita, ya ce, "Wani zai ga kwalbar ya yi miki fassara. Gara ki riga shi." Gaskiya ya faɗa. Ƙanwar maigidana, wadda ta yi 'yan watanni tana zama a kemis, ta ga kwalbar a kan madubi, kafin magariba magana ta kai wa Hajiya, surukata.

Abin da asibitin ya yi a nan ban zata ba. Na faɗa wa babbar ungozoma, wadda kowa ke kira Sista, ta ce, "Ƙanwata, kawo mini Hajiyar." Na ce ba za ta zo ba. Ta ce, "Ki ce mata ni na ce ina son shawararta a kan jikanta." Hajiya ta zo da shirin faɗa, Sista ta ba ta kujerarta, ta gaishe ta har ƙasa, ta yi kusan awa tana yi mata bayani, ba a karɓi ko sisi ba. Ta ce mata ba a ɗauka ta kwano ko kofi ko gaisawa ko tari, ta jini ne da saduwar aure da haihuwa. Ta ce reza da buroshin haƙori da abin yankan farce kowa ya riƙe nasa, don ƙwayar tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Hajiya ta kawo maganar saiwar da ake jiƙa wa mai shawara, Sista ta ce, "Hajiya, hantar nan ita ce matatar jiki, duk abin da aka sha sai ya bi ta kanta. Ta riga tana fama, kada mu ƙara mata kaya." Ta kuma ce a riƙa tsince gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a zubar, don gubarsu hanta take ci. Ban ce Hajiya ta fito ta rungume ni ba, amma ta daina ware mini cokali.

Maigidana an gwada shi, ba shi da shi, aka fara masa allura 3 na manya. Umma tana da shi. Cikin mu 6 da ta haifa, mu 3 ne. Sai Ummi, 'yata ta fari, mai shekara 4.

Ban so a gwada ta ba, na yi ta ja har sati biyu. Katin rigakafinta cike yake, ta sha fenta, allurar nan ta jarirai mai haɗe da rigakafin cututtuka da yawa, duka 3, ta sati 6 da 10 da 14, kuma rigakafin hanta yana cikin fenta. Amma a gida na haife ta, ba a fita da ita ba sai bayan suna, allurar ranar haihuwa ta wuce ta. Sati 6 ɗin da aka yi kafin fenta ta farko ya ishi ƙwayar ta zauna a jikinta. Gwajin ya nuna tana ɗauke da shi. Wannan karon Sista ce ta karɓo takardar da kanta, ta rufe ƙofa kafin ta faɗa mini, ta bar ni na yi kukana ban ji ana ƙwanƙwasawa ba.

Daga ranar ba ni da wata magana sai ta allurar awa 24, wato rigakafin hantar da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Likita ya ce abu biyu za a yi wa jaririn da zarar an haife shi: rigakafin hanta na haihuwa a cinya ɗaya, sai wata allura da suke kira HBIG a ɗaya cinyar. Ita ta biyun garkuwar aro ce, an tace ta daga jinin mutanen da jikinsu ya riga ya iya yaƙar ƙwayar, tana tsare jariri kafin nasa jikin ya koya daga rigakafin. An fi so a yi ta cikin awa 12. Tana da tsada, ta kusa rabin kuɗin ragon suna, kuma asibitin ba ya ajiye ta. Sun dai faɗa mana tun ina wata 7, suka kwatanta wa maigidana babban kantin maganin da ke da firij na gaske, suka ce ya je da kula da ƙanƙara, kada kuma ya bar kwalbar ta taɓa ƙanƙarar don ba a so ta daskare. Ya kawo, aka rubuta sunana a jiki, aka sa a firij ɗin ɗakin haihuwa. Na tambayi ko sai an yi mini aiki, likita ya ce a'a, wannan ciwo ba dalilin tiyata ba ne, in haihu da kaina in dai ba wata matsala ta taso ba.

Kin ga mai tsadar an shirya ta tun da wata biyu. Ta kyautar, wadda gwamnati ke bayarwa, ita ce ba wanda ya yi maganarta, ni kuma na ɗauka asibitin haihuwa ba ya rasa ta, kamar yadda ba a rasa nono a ruga.

Naƙuda ta kama ni ranar Juma'a bayan la'asar. Ɗakin haihuwar ba laifi: labule tsakanin gadaje, ungozoma ba ta daka mini tsawa ba ko sau ɗaya, wanda duk matar da ta taɓa haihuwa a asibiti ta san ba ƙaramin abu ba ne. Wata mai shara dai ta ɗauke kofin da na sha ruwa da leda a hannu kamar ta ɗauki mushe, na gani na yi shiru, ba ni da ƙarfin magana. Na haihu ƙarfe 11:40 na dare, namiji, kilo 3.1. Aka goge shi tas, kafin ƙarfe 1 an yi masa HBIG, ina kallo. Na ce saura ɗayar. Nas ɗin dare, yarinya ce ƙarama, ta ce, "Wace ɗaya?" Na ce rigakafin hanta. Ta ce, "Ai Maman jariri, Talata ake rigakafi. Har sati biyu ma ana yi, kada ki damu."

Talata! Daga daren Juma'a zuwa Talata kwana nawa ke nan? Ashe asibitin ba ya ajiye alluran rigakafi ko ɗaya. Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce ke zuwa da akwatin sanyi ranar Talata, ta yi wa jariran satin, ta koma da abin da ya rage. Wata 5 ina zirga-zirga a gidan nan, jan biro a bangon katina, an karɓi kuɗin awo da na gwaji da na gado, babu mutum ɗaya da ya haɗa wannan da wancan ya ce, matar nan in ta haihu ranar da ba Talata ba fa? Har shi babban likitan da nake yabo. Na tambaye shi daga baya, ya ce ya ɗauka akwai a firij. Ni ma haka na ɗauka, amma ni ba ni ke da asibitin ba.

Ina kwance da ɗinki, na sa maigidana ya kira Sista ƙarfe 2 na dare. Ta ɗauka. Ban ji abin da ta ce wa nas ɗin ba, na dai ga yarinyar ta dawo jikinta a sanyaye. Da asuba Sista ta iso, alhali ba ranar aikinta ba ce, ta zauna bakin gadona da waya tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan asibitocin gwamnati na kusa, masu rigakafinsu ba sa fitowa Asabar. Wani wuri akwai allurar amma mai makullin firij ya yi tafiya. Wani wurin aka ce ba za a fasa kwalba mai allura 10 saboda jariri ɗaya ba. A nan na ji Sista ta ɗaga murya, ta ce wannan dokar ta BCG ce, allurar rigakafin tarin fuka, wadda in an haɗa ta sai a zubar bayan awa 6, ita kuwa ta hanta in an buɗe aka mayar firij tana kaiwa kwana 28, don haka ba asarar da za a yi. Ban san wannan ba sai ranar, kuma da alama wanda take magana da shi ma bai sani ba, ko ya sani ya manta.

Ƙarshe wata tsohuwar abokiyar karatunta da ke aiki a ɗakin haihuwar wani babban asibitin gwamnati ta ce a kawo yaron. Haka aka naɗe jaririn da bai kwana ɗaya a duniya ba, Umma ta rungume shi, maigidana ya tari adaidaita sahu, suka ratsa gari cikin rana. Ni aka bar ni ina kallon agogon bango. Ƙarfe 2:30 na rana aka yi masa, awa 15 ke nan ba kaɗan da haihuwa. Kyauta, ko kuɗin sirinji ba a karɓa ba. Da suka dawo na buɗe zanen na duba cinyar da idona, sannan na karɓi kunun da aka dama mini tun safe.

Da za a sallame mu aka kawo takardar kuɗi, na ga an sa "kula da jariri." Na ce wa mai karɓar kuɗin ya cire kuɗin adaidaita daga ciki. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Shayarwa ba su yi wasa da ita ba. Hajiya ta zo da gwangwanin madara, wai kada yaro ya sha ciwo a nono. Sista ta ce a mayar kanti: jaririn da aka yi wa alluransa nono ba ya sa masa wannan ciwo, maganin da nake sha ma bai hana ba, in ba shi har dakashin farko. Abin da kawai ta ce in kula, in kan nonon ya tsage yana jini, in dakata da wannan ɓangaren har ya warke. Ita ce kuma ta tuna mini da wanzami, abin da ni ban kawo a raina ba. Ta ce ranar suna a sayi sabuwar reza a buɗe a gabanmu, belu kuwa a bar wa yaro abinsa. Wannan sai da maigidana ya tsaya da ƙafarsa, don wanzamin gidansu ne tun kakanni, kuma ya ji haushi. Ni a raina na ce, askar da ta bi kan jariran unguwa, yau ko don 'ya'yan wasu ma bai kamata ta taɓa jinin gidana ta wuce gaba ba.

Bayan haihuwa kuwa asibitin ya sake ni kamar an gama ciniki. Likita ya faɗa mini tun da ciki cewa watannin farko bayan haihuwa su ne lokacin da ciwon kan motsa wa uwa, saboda garkuwar jikin da ta lafa lokacin ciki takan farka ta far wa hantar, musamman in an tsayar da magani. Ya ce za a riƙa duba jinina, kuma kada in kuskura in daina shan ƙwayar da kaina. Amma katin sallamar da aka ba ni ba a rubuta komai a kan wannan ba, sai ranar dawowa duba ɗinki da tsarin iyali. Ba wanda ya kira. Ni na kai kaina bayan na yi arba'in, na ce a yi mini gwajin hanta. Lambar ta ɗan hau, ba sosai ba. A nan ne ya rubuta mini takardar zuwa ɓangaren masu ciwon hanta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ni da Ummi da Umma, abin da a ganina tun ina da ciki ya kamata a yi. Can muke zuwa yanzu duk wata 6, mu uku a adaidaita ɗaya, kaka da 'ya da jika. Ummi ba a sa ta a magani ba tukuna, ana dai bibiya. Ta san wurin da sunan asibitin da ake saya mata yogot in an ɗebi jini.

To, ga mai tambaya ko ta je: in awo ne, ki je. Gwajin da suke yi wa kowa, da likitan da ke zama ya yi bayani, da Sista, ba ko'ina ake samunsu ba. Amma in katinki ya fito irin nawa, kada ki tsaya a kan "za a yi." Tun kina wata 7 ki ce a buɗe firij a nuna miki kwalbar rigakafin hanta ta haihuwa da idonki, ki tambaya wa ke riƙe makulli da dare da ranar Asabar da Lahadi. In babu, ki san inda za a kai jaririn da lambar wanda zai karɓe shi, ko ki yi awonki a nan ki haihu inda allurar take kwana. Ki kuma ce a faɗa miki sakamakonki a ɗaki, ba ta taga ba.

Yaron ya sha fentarsa 3 a kan lokaci, duk a wurinsu, ranar Talata. Da ya cika wata 10 na mayar da shi aka gwada, don likita ya ce tsakanin wata 9 da 12 ake dubawa, in an yi da wuri garkuwar aron nan kan rikita sakamako. Gwaji biyu ne: ko ƙwayar tana jikinsa, da ko jikinsa ya yi garkuwa. Na farko babu, na biyu akwai. Na karanta takardar a tsaye, na sake karantawa a zaune, na miƙa wa Umma duk da ba ta karatun boko, ta shafa ta ta ce alhamdulillahi, sai kuma ta juya tana kallon Ummi da ke wasa da murfin kwalba a ƙasa.

Kafin mu fita na leƙa wurin Sista na tambaye ta ko yanzu suna ajiye allurar. Ta ce ta kai maganar gaban mai asibitin har sau 3, an ce ana duba yadda za a yi da ƙaramar hukuma. Ta buɗe firij ɗin ta nuna mini: alluran tsayar da jini, da ruwan leda guda biyu na ma'aikata. A jikin ƙofar daga ciki ta manna wata 'yar takarda da rubutun hannunta, lambar wayar abokiyar karatun nan tata.